Makwantar da Suka Ɗauka ta Shanu Ce

Shekarun baya, lokacin da nake zuwa ajin yaƙi da jahilci da furfurata a kai, wasu mutane suka zo garinmu da mota mai buɗaɗɗen baya suka fara kafa turaku a bakin kwari. Garin namu yana hanyar Zango idan ka fito daga Daura, ƙarami ne, ba sai na faɗi sunansa ba. Kwarin nan da rani yashi ne zalla, jakuna ke birgima a ciki. Idan marka ta kankama kuwa, wani abu ne daban. Ruwan da aka yi can nesa, wanda mu ko ɗigonsa ba mu gani ba, shi zai taso ya same mu muna zaune, ja wur, ɗauke da kara da itace da matattun awaki. Ɗakunanmu na ƙasa ne. Ruwa ba sai ya ture su ba, gindin kawai zai jiƙa, sai ka ga ɗaki ya durƙusa kamar raƙumi.

Daminar da ta gabaci zuwan mutanen nan ta tafi da 'yar maƙwabciyata, yarinyar da ba ta daɗe da fara magana ba. Katanga ce ta faɗo mata. Ni na yi mata wanka. Saboda haka da aka ce gwamnati za ta yi mana dam, babu wanda ya kai ni murna.

Sun kafa allo a bakin hanya. Mata suka turo ni gaba, wai ni ce 'yar boko, in karanta musu. Na tsaya na gyara mayafi, na bi baƙaƙen da yatsa ɗaya bayan ɗaya: aikin madatsar ruwa domin hana ambaliya da shaƙatawa. Na juyo da ƙarfin gwiwata na ce musu, "To, kun ji. Za a hana ambaliya, kuma za a hana shaƙatawa." Wata tsohuwa ta ce, "Yo wa ya taɓa shaƙatawa a garin nan balle a hana shi?" Sai washegari malamar ajinmu ta yi dariya har da hawaye, ta fahimtar da ni cewa ambaliyar ce kaɗai za a hana. Shaƙatawar kawo ta za a yi. Za a tare ruwan ya zama tafki, a yi noman rani, shanu su sha, sannan a gyara wani gefe mutane su riƙa zuwa shan iska, har da kwale-kwale. Na ce Allah ya nuna mana. Karatuna ke nan a lokacin.

A gabashin gari, daf da bakin kwarin, akwai wani fili mai manyan tsamiyoyi da aduwa. Tsohuwar maƙabartarmu ce. An daina binnewa a can tun da daɗewa, aka buɗe sabuwa a kan tudu. Mu a garinmu ba ma ce wa tsohuwar maƙabarta. Makwanta muke cewa, haka muka taso muka ji. Ba katanga, ba allo, ba komai. Kaburburan sun baje sun zama daidai da ƙasa, tukwanen da aka kifa a kai sun farfashe, ciyawa ta rufe. Da rana shanun Fulani kan fake a inuwar gefenta. Baƙo idan ya wuce ba zai taɓa cewa akwai mutum ko ɗaya a ƙarƙashin wurin ba.

Mahaifiyata tana can. Tana cikin na ƙarshe da aka kai. Ni ban taɓa taka wurin ba, mu mata ba ma zuwa. Ranar da aka fita da ita a bakin zaure na tsaya, na ga makara ta sha kwana, shi ke nan. Abin da na sani kawai shi ne idan na je ɗiban ruwa na hango kan tsamiyoyin nan, Inna tana wani wuri a ƙarƙashinsu, sai in yi mata addu'a in wuce.

Wata safiya na hango jan abu a tsakanin bishiyoyin. Na ajiye tulu na ƙura ido. Turaku ne, an shafa musu jan fenti a kai, sun ratsa ta tsakiyar Makwanta sun fita ta ɗaya gefen. Ko ruwan ban kai gida ba, na wuce gidan yayana.

Na same shi yana gyaran ƙotar fartanya. Na ce, "Yaya, ka ga abin da aka kafa a kan Inna?"

Bai ɗago ba. Ya ce, "Rage murya."

"In rage murya a gidan ubana? Me jan turken nan yake nufi?"

Ya ce iyakar inda ruwa zai kawo ke nan idan tafkin ya cika. Rabin Makwanta zai shiga ruwa, sauran rabin kuma nan za a yi wurin shan iskar, saboda inuwar bishiyoyin.

Na ce, "Su mutanen sun san akwai bayin Allah a wurin?"

Sai a nan ya ajiye fartanyar. Ya ce sun tambayi ina maƙabartar gari, an kai su ta kan tudu, sun ga ba ta cikin layinsu, sun yi hamdala. Da suka tambayi sunan filin tsamiyoyin, wani ya ce musu Makwanta ce. Suka duba suka ga shanu kwance suna tuƙa, suka ɗauka makwantar shanu ake nufi. Babu wanda ya gyara musu. Daga baya maigari ya tara dattawa, aka yanke cewa kada wanda ya gyara. Domin akwai wani gari can wajen Ɓaure da su ma suke neman aikin ido rufe, kuma an ce mutanen gwamnati ba sa son wurin da ke da rigima. Suna jin an ce kabari, za su tattara kayansu su tafi can.

Ya ce, "Wanda ya mutu ya riga ya mutu. Ruwa ba zai ƙara masa komai ba, ba zai rage masa ba. Masu rai muke tattali. Ke da hannunki kika wanke yarinyar nan bara, ko kin manta?"

Na ce, "To nuna mini ta wane gefen turken Inna take. A ruwa za ta kwana, ko a ƙarƙashin masu cin gyaɗa?"

Ya ce wallahi ba zai iya cewa ga shi ba. Shekaru sun ja, bishiyar da ya yi alama da ita an sare ta. Na tsaya ina kallonsa. Da ya nuna mini wuri ɗaya, wataƙila da shi kaɗai zan yi wa kuka, in roƙi a kauce masa ko a ɗauke ta. To babu wanda ya sani. Duk inda ka taka a filin nan yana iya zama kan uwata.

Ya raka ni har zaure yana cewa, "Na san bakinki. Don girman Allah ki riƙe shi wannan karon. Idan aikin nan ya bar garin nan ta dalilinki, duk ɗakin da ya faɗa wa wani yana wuyanki."

Maganar nan ta zauna mini a ƙirji kamar dutsen niƙa. Ni mace ce da ba na ɓoye abin da ke cikina, duk garin an sani, har miji na taɓa kaiwa gaban alƙali a kan gonar gadona. Amma a kwanakin nan na zama kamar wadda aka ɗaure wa harshe. Idan na dubi jikokina suna wasa a gindin katanga, sai in ce yayana ya yi gaskiya, in yi shiru. Idan na rufe ido a sallah, sai in ga samari a kwale-kwale suna shewa, ruwa yana lilo da su, Inna tana ƙasa. Na je wurin malamin unguwarmu na tambaye shi a kaikaice, ya ce alfarmar mamaci kamar ta mai rai ce, sannan ya kalli ƙasa ya ce amma lalura ma tana da hukuncinta. Na gane shi ma yana wurin taron dattawan.

Ana nan sai aka ce mutanen dam suna son ganawa da mata daban, su ji inda muke wanki da inda muke ɗiban ruwa. A ajinmu na yaƙi da jahilci aka tara mu. Wadda ta zo injiniya ce mace, yarinya ce ƙarama, sa'ar 'yata ta biyu, da takalmin maza a ƙafarta da mayafi har gwiwa. Ta gaishe mu a durƙushe. Na so a ce mai girman kai ce, da abin ya fi mini sauƙi.

Ta yi mana bayani tiryan-tiryan. Ta sa aka kawo faranti da ƙasa, ta yi ɗan kwari da yatsa, ta zuba ruwa muka ga yadda yake kwasar komai. Ta sake yi, ta tare bakin da laka ta bar 'yar ƙofa, ruwan ya taru ya riƙa fita a hankali. Mata suka yi ta kabbara. Maƙwabciyata, uwar yarinyar da ta rasu, tana gefena tana share hawaye da bakin zane.

Sannan ta ɗaga wani babban zane mai launi ta manna a allo. Ga ruwa shuɗi, ga bencuna, ga lilon yara, ga mai sayar da tsire an zana shi da hayaƙinsa. A bayansu ga tsamiyoyi. Na gane su tun kafin ta buɗe baki, babbar nan mai reshe ɗaya da ya karkata yamma ba ta ɓuya.

Ta ce, "Wannan wurin iyayena ni ya fi burge ni. Makwantar shanun nan. Za mu nema wa makiyaya wata inuwar, nan kuma ya zama na yaranku. Ko akwai mai magana a kai?"

Kowace mace a ɗakin nan tana da wani a ƙarƙashin bishiyoyin, uwa ko uba ko ɗan fari. Kowa ta sunkuyar da kai. Maƙwabciyata ta kama gefen zanena ta riƙe gam, ta san ni. Na ce a raina ba zan yi magana ba, ba zan yi ba. Sai kawai na ji ni a tsaye.

Na ce, "'Yar nan, wa ya ce miki ta shanu ce?"

Ta ce, "Haka aka gaya mana sunan wurin, Inna. Makwanta."

Na ce, "Makwanta ce, ba a yi miki ƙarya ba. Amma ba saniya ce kwance a wurin ba. Uwata ce. Da uwar wannan, da mijin waccan na fari, da 'ya'yan wannan tsohuwar da kyanda ta kwashe. Inda kika zana mai tsiren nan, mutane ne a ƙasa."

Na ga fuskarta ta sauya. Ta dubi zanen, ta dube mu, ta ce innalillahi a hankali. Ta tambayi ɗakin ko gaskiya ne. Babu wadda ta amsa, amma wata ta fashe da kuka a baya, wannan ya ishe ta amsa. Ta cire zanen daga allo ta naɗe. Ta ce, "Na yi tafiya a kansu da takalmi. Na ci abinci a wurin." Daga nan ta yi mana sallama ta fita.

Kafin la'asar motarsu ta bar gari. Ba su dawo washegari ba. Ba su dawo mako mai zuwa ba. Allon bakin hanya ya fara tsatsa, yara suka tuttumɓuke turakun suna wasan doki da su.

Abin da na gani a watannin nan ba na fatan maƙiyina ya gani. Maigari ya aiko a gaya mini na kyauta. Yayana ya daina amsa gaisuwata, idan na shiga gidansa sai ya ɗauki buta ya fita. A bakin rijiya mata kan yi shiru idan na iso, waɗanda suka yi kuka a ajin ma har da su. Wata ta ce da ni, "Bokon da aka yi da tsufa dama ƙarshensa ke nan." Na ba ta amsar da ta dace da ita, ba zan rubuta ta a nan ba. Amma da na koma gida sai da na zauna a bakin murhu na rasa abin da ke mini daɗi. Maƙwabciyata ita ba ta zage ni ba. Da ta zage ni da na samu sauƙi. Cewa kawai ta yi, "Saura biyu gare ni, Yaya. Ki roƙi Allah ya bar mini su."

Sai damina ta faɗi.

Ban taɓa tsoron hadari ba sai shekarar. Da na ga gabas ta yi baƙi sai in fice daga gida. Na riƙa zagaya katangun unguwa ina dafa gindinsu kamar mahaukaciya, in ji ko sun jiƙa. Kowane yaro na gani a lungu sai in daka masa tsawa ya bar jikin bango, har iyayensu suka fara jin haushi.

Ranar da abin ya zo, da rana tsaka ne, ana cikin marka. Muka ji ƙugi daga arewa kamar jerin manyan motoci. Maza suka fara ihu a hau tudu. Ruwa ya shigo ta lungunmu ya kai gwiwa kafin in gama ɗaura jikata a baya. Ina fitowa na ji ƙara a gidan maƙwabciyata, irin ƙarar da ba ka mantawa, ƙasa ta haɗu da azara. Ɗakinta ne ya zauna. Ta fito tana ihu da ɗa ɗaya a hannu, tana kiran ɗayan, babu shi.

Ban san lokacin da na miƙa jikata ga wata na afka cikin gidan ba. Muka shiga tonon laka da hannu, ni da ita da maza biyu, ruwa yana dukanmu. Farcena ya cire ban ji ba. Abin da nake faɗa kawai shi ne, ya Allah kada ka kama ni da wannan, ya Allah ɗauki nawa ran. Kowace azara muka ɗaga sai in rufe ido kafin in duba. Ita kuwa ba ta ko dube ni ba, tono kawai take yi tana kiran sunansa, muryarta ta dishe.

Muna cikin haka wani ya ƙwalla kira daga kan tudu cewa ga yaron can a masallaci. Ashe tun da aka fara ihu ya bi kakansa. Uwar ta zube a cikin ruwa. Ni kuma sai ɗauko ni aka yi. Ɗakuna da yawa sun faɗi ranar, an yi asarar hatsi da dabbobi, wani dattijo ya karye a cinya. Amma ba a rasa rai ba. Ba dabarata ba ce, ba kuma don ina da gaskiya ba. Allah ne ya rufa mini asiri.

Bayan an yi girbi, wata ranar kasuwa, sai ga motar nan mai buɗaɗɗen baya. Injiniyar ce da mutanenta. Ashe ba gudu suka yi ba, komawa suka yi aka sake zanen tun daga tushe, kuma irin wannan aiki sai ya bi ofis-ofis kafin a sa hannu. Babu dai wanda ya ga ya dace a aiko mana da ko kalma ɗaya, mu da muke kwana da ruwa a kai. Wannan na gaya mata a gaban maigari, ta kuma karɓa ba ta yi musu ba.

Sabon tsarin shi ne za a yi jinga ta dutse da siminti ta kare Makwanta daga ruwa, a kewaye ta da katanga. Wurin shan iskar kuma aka mayar da shi ƙetaren kwari. Inda aka zaɓa lambun mangwaron yayana ne, wanda ya dasa da hannunsa tun yana saurayi. An ba shi diyya, amma bai yafe mini ba sai da aka daɗe. Yakan ce ni na ceci matattu na cinye masa mangwaro.

An yi dam ɗin. Ya ɗauki shekaru fiye da yadda aka faɗa, amma an yi. Yanzu ruwan arewa idan ya taso a tafki yake tsayawa ya huce. Da sallah matasa har daga Daura suke zuwa hawa kwale-kwale. Da aka kewaye Makwanta sai dattawa suka ga akwai sauran wuri a ciki, aka ci gaba da kai mutane. Yayana da ciwon ajali ya kama shi, ya kira ni ya ce in gaya wa 'ya'yansa can yake so a kai shi, ba kan tudu ba. Na ce, "Kai da ka ce wanda ya mutu ya riga ya mutu?" Ya ce, "Ke dai ba kya barin magana ta wuce, ko a bakin kabari." Muka yi dariya, ni da shi, karo na farko cikin shekaru. Can aka kai shi.

Mutane yanzu idan ana ba da labarin nan sai su ce ni jaruma ce, har waɗanda suka juya mini baya a bakin rijiya. Ba na karɓa. Dattawan da suka yi shiru ba miyagu ba ne, tsoro ne ya rufe musu baki, irin tsoron da ni ma ya kusa rufe nawa. Kuma da yaron nan yana ƙarƙashin azarar da muka ɗaga, da yau wani suna ake kirana da shi a garin, ni ma da ban ga laifin mai kiran ba. Na sha tambayar kaina, da za a mayar da ni ajin nan, na san abin da zai biyo baya, zan sake miƙewa? Ina jin zan miƙe. Amma kada wanda ya ce muku abin da daɗi. Har gobe idan na ji an ce wata ta faɗi gaskiya a taro an tafa mata, ba tafin nake tunani ba. Tunanin da nake yi shi ne wace irin damina ke jiran baiwar Allah.